Gadar da Haruna Ya Gyara wa Uwarsa

Haruna taubashina ne, ɗan yayar mahaifina, saboda haka tun muna yara nake da izinin zaginsa, shi kuma ba shi da izinin yin fushi. Na fi shekara hamsin ina morar wannan dama cikin raha. Abin da zan faɗa a nan babu raha a cikinsa. In ya karanta ya ji zafi, ya san hanyar gidana.

Mahaifiyarsa, Gwaggo Saude, abu ɗaya tak ta taɓa roƙonsa a duniya. Ba ta ce ya kai ta Makka ba, ba ta ce ya gina mata ɗakin siminti ba. Cewa ta yi ranar da ta mutu a haye da ita maƙabarta a bushe, kada likkafaninta ya taɓa ruwa. Wanda bai san garinmu ba zai ce wannan wane irin roƙo ne, don haka bari in yi bayani.

Garinmu Sabon Fage yana can bayan Konduga, a bakin wata ƙorama. Kakanninmu daga ƙasar Haɗeja suka biyo kifi, suka tarar da fadama mai karɓar albasa, suka jingine taru suka ɗauki fartanya. Matsalar fadama ita ce ba a binne mutum a cikinta. Ka haƙa kamu biyu, ruwa ya taso ya gaishe ka. Shi ya sa maƙabartarmu take kan tudun da ke tsallaken ƙorama. Ita kuwa ƙoramar tana cika tun tsakiyar damina, ba ta janyewa sai sanyi ya yi nisa. Wata biyar ke nan ko shida a kowace shekara, kuma mutane ba sa fasa mutuwa a cikinsu.

Wani kafinta mai suna Audu, wanda Barebarin maƙwabtanmu suke kira Ba Audu, shi ya raba garin da wannan wahala tun kafin a haife ni. Gadoji uku ya yi a kan ƙoramar, ɗaya a garinmu, biyu a ƙauyukan da ke gaba. Ƙafafunsu na giginya ne, daɓen na katakon maɗaci, sannan ya yi wa kowacce rumfar kwano daga wannan baki zuwa wancan, don kada rana ta tsattsaga katakon, ruwan sama kuma ya ruɓar da shi. Gada mai rumfa muka tashi muna ce mata. Mata suna fakewa a ciki in hadari ya tare su a hanyar itace, masu albasa suna hutar da jakunansu a inuwarta, mu kuma muna tsalle daga gefenta muna faɗawa ruwa ana bin mu da tsumagiya.

Audu bai yi boko ba, bai kuma mallaki tef ɗin awo ba. Yadda ya auna gadar kowa a garin ya sani, domin tsofaffi ba sa gajiya da maimaita labarin. Makarar masallaci ya aro, ya sa ƙarti huɗu mafiya tsawo a garin suka saɓa ta a kafaɗa, ya sa wasu biyu suka jera da su hagu da dama, yadda ake yi in mutum zai karɓi mai ɗauka shi ma ya samu lada. Inda gwiwar hannun na gefe ta tsaya, nan ya kafa turakunsa. Ya ɗora naɗaɗɗiyar tabarma a kan makarar, ya ƙara taƙi biyu a sama, nan ya sa bakin rumfa. Wai da aka tambaye shi dalilin ɓarnar katako haka, sai ya ce mai rai ko ta kan gungume ɗaya zai haye, shi gawa yake yi wa hanya.

A kan wannan gada Haruna ya haye ya tafi makaranta a Konduga, daga can ya wuce Maiduguri, kuma tun daga lokacin gangar jikinsa kawai take zuwa mana gaisuwar Sallah. Ya samu aikin akawu a wata ma'aikata, ya shekara talatin da biyar yana ɗauke fayil daga wannan tebur yana kai wa wancan. Ban taɓa jin wanda ya ce Haruna ya cuce shi ba, ban kuma taɓa jin wanda ya ce Haruna ya fitar da shi daga wata matsala ba. Abin da Allah Ya hore masa shi ne taro. In mutum uku suka tsaya a ƙofar gidansa a unguwar Fezzan suna ƙorafin kwata ta toshe, kafin su watse Haruna ya naɗa su kwamiti, ya naɗa kansa sakatare. Biro uku yake jerawa a aljihun gaba, baƙi da shuɗi da ja, ko da gidan suna za shi. Da haka sunan Sakatare ya bi shi, har matarsa haka take kiransa, shi kuma yana amsawa a ƙasaice kamar wata sarauta ce aka naɗa masa.

Shekarun tashin hankali suka zo, muka watse. Wannan ba labarin da nake son buɗewa ba ne. Shekara bakwai muka yi a Maiduguri, wasu a sansani, wasu a gidajen 'yan'uwa. Gwaggo a gidan Haruna ta zauna, kuma in za a faɗi gaskiya bai bar ta da yunwa ba. Da aka ce a koma, ita ce ta fara ɗaure kayanta. Muka tarar an ƙone gadoji biyu na gaba ƙurmus. Tamu kuwa an kwashe kwanon rumfarta, damina bakwai ta sauka a kan katakon, in ka taka sai ƙafarka ta burma. Ƙafafun giginyar ne kawai suke tsaye inda Audu ya kafa su.

Shekara ɗaya da komawarmu ƙanen Haruna, Ridwan, ya rasu, a watan da ƙorama take cike. Zazzaɓi ne na kwana huɗu. Muka saɓa makara muka shiga ruwa, don babu wata hanyar. A tsakiya na gaba ya taka laka ya zame, makarar ta karkace, rabin gawar ya nutse kafin mu tallafe. Mun sa Ridwan a kabari likkafaninsa yana ɗiga, ya koma launin ƙasa. Mata ba sa bin gawa, amma daga bayan gidan Gwaggo ana hango mashigar, kuma tana tsaye a jikin danga ta ga komai.

Ranar sadakar uku ta sa aka kira mata Haruna, ta ce ni ma in zauna in zama shaida. Ba ta kama sunansa, saboda ɗan fari ne.

"Kai," ta ce masa, "ka ga yadda aka kai ɗan'uwanka."

"Na gani, Inna. Allah Ya jiƙansa."

"Amin. Ni ba na tsoron tafiya, sa'o'ina duk sun riga ni. Amma ba na so a kai ni da laka a jiki. Ka gyara gadar Audu. Ka haye da ni a bushe. Iyakar abin da nake nema a wurinka ke nan."

Haruna ya zaro jan biro da ɗan littafinsa ya rubuta. Wallahi ya rubuta, a gabana, kamar uwarsa wata mai kawo ƙorafi ofis ce. Ya rufe littafin ya ce, "Inna, ki kwantar da hankalinki, na sa shi a gaba."

Aikin mako uku ne. Akwai wani kafinta a Konduga, Dzarma, mutumin Biu, wanda ya yi mana ƙofofi da muka dawo. Na kawo shi ya duba, ya ƙwanƙwasa ƙafafun giginyar ɗaya bayan ɗaya, ya ce a samo masa katako da kwano da ƙusa, a haɗa masa gayyar matasa, shi ke nan. Na tafi har Fezzan na faɗa wa Haruna. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Faruku, ku matsalarku komai sai ku yi shi a ƙauyance. Wannan kayan tarihi ne."

Mako biyu bayan haka aka haifi Kwamitin Farfaɗo da Gadojin Tarihi na Yankin Sabon Fage. Yana da shugaba, yana da mataimaki, yana da takarda mai tambari, kuma ba sai na faɗi sunan sakatarensa ba. A falon Haruna ake zama, duk Asabar ta farkon wata, a sha shayi, a karanta abin da aka tattauna a zaman baya, a gyara inda aka yi kuskuren rubuta sunan wani. Rabin 'yan kwamitin tun da muka dawo ba su ga ƙoramar da idonsu ba. Shekara guda cur suka yi ba a sayi ƙusa ɗaya ba.

A cikin shekarar ne ya rubuta littafin tarihin gadojin, shafi arba'in, da hotonsa a bango yana nuna wani wuri da biro. Na karanta. A ciki Audu ya zama injiniya, wai ya ɗauko fasahar daga Turawan da suka shata hanyar Bama. Audun da ko Baturen haraji ya hango sai ya shige cikin dawa. Na duba daga farko har ƙarshe ban ga labarin makara ba. Da na tambaye shi, sai ya ce ai wannan tatsuniyar tsofaffi ce, in baƙi suka karanta dariya za su yi mana, su ce mutanen nan ba su san awo ba.

Baƙin kuwa sun zo. Wata ƙungiya ce mai sha'awar kayan da, Haruna ya yi ta aika mata wasiƙu har ta gaji ta turo mutum biyu da kyamara. Suka zagaya kufan gadojin uku suna ɗaukar hoto, suka ce za su ba da kayan aiki a fara da tamu. In an buɗe ta lafiya manyansu sun gani, za su duba sauran biyun, wataƙila ma su haƙa wa garin rijiyar burtsatse. Ɗaya daga cikinsu ya nuna wa Haruna hotunan wasu gadoji masu rumfa na ƙasashen waje a wayarsa, da fenti, da alluna a bakinsu. Ina kallon fuskarsa a lokacin. Ko ranar ɗaurin aurensa ban ga ya yi irin wannan murmushin ba.

Ita Gwaggo tana can tana lissafin nata. Duk Juma'a in na shiga gaishe ta tambayarta ɗaya ce: "Faruku, an fara?" In ce ana shiri. Damina biyu ta wuce a kan shirin nan, an shiga ruwa da gawa uku, kuma duk ukun tana tsaye a jikin danga. Ta aike ni Maiduguri na yanko mata farin yadi, ta sa aka ɗinka, ta naɗe shi a leda biyu ta sa a ƙasan akwati. Ƙafafunta suka fara kumbura, tuwon da take ci bai fi na yaye ba. Na taɓa ce wa Haruna tsohuwar nan fa ba za ta jira kwamiti ba. Ya ce rai a hannun Allah yake, kuma ba a gaggawa da aikin tarihi.

A rani na uku kaya suka iso, aka ba Dzarma aikin. Nan dole in yi adalci, gadar ta yi kyau. Dzarma bai taɓa ƙafafun Audu ba, a kansu ya bi, don haka faɗi da tsawo suka fito yadda muka san su. Kwana ashirin da uku ya gama. Ranar da aka buga kwanon ƙarshe muka ɗauko Gwaggo a amalanke muka kawo ta. Ta sauka da sandarta, ta yi taku biyar a kan sabon katako, ta ƙwanƙwasa shi, ta ɗaga kai ta dubi rumfar. Ta ce, "Alhamdu lillahi. Yanzu ko gobe." Ta juya ta yi ta shi wa Haruna albarka. Ni kaina na ji ƙwalla, na ce a raina ashe dai mutumin nan zai yi abu ɗaya a rayuwarsa.

Da a nan ya tsaya, da yau addu'a nake yi masa. Amma manyan ƙungiyar suka ce ba za su samu zuwa buɗewa ba sai bayan damina, kuma a tsakanin nan mutanen gari suka yi abin da ake yi da gada, wato suka riƙa hayewa. Wata rana Haruna ya zo daga Maiduguri da wani abokinsa don ya nuna masa aikinsa, sai ga kashin jaki a tsakiyar daɓen, ga kuma babur ɗauke da buhun albasa yana yi musu oda su kauce. Aka ce sai da ya zauna a bakin ƙorama ya riƙe kai.

Zaman kwamiti na gaba ya yanke shawarar kare kayan tarihi daga dabbobi da ababen hawa. Za a gina ginshiƙin siminti a tsakiyar bakin gadar ta wajen gari, mai faɗin ƙofar zaure, tsawonsa iya wuyan mutum. Za a bar ɗan tsagi hagu da dama, kamu ɗaya ɗaya, yadda jaki da babur ba za su shiga ba, mutum ma in yana da tumbi sai ya karkace. A jikin ginshiƙin za a manna allon dutse mai sunayen 'yan kwamiti. Sunan Haruna sau biyu ya fito, ɗaya a matsayin sakatare, ɗaya a matsayin marubucin tarihi. Daga saman rumfa kuma za a rataya allon ƙarfe na maraba da baƙi, ya sauko ya kusa taɓa kan ginshiƙin.

Dzarma ya ƙi aikin. A gabana ya ce masa, "Sakatare, mu ma Kiristoci akwatin gawa muke ɗauka, na san faɗin mutum in ya kwanta. Makararku ba za ta shiga nan ba."

"Mun lura da wannan," in ji Haruna. "Za a ƙera makara siririya. Yana cikin ajandar zama na gaba."

Dzarma ya dube ni, na dube shi, ya tattara kayan aikinsa. Haruna ya ɗauko magini daga Maiduguri, kwana huɗu aka gama. Na bi shi har bakin mota na ce masa, "Ka manta don wa aka yi gadar nan?" Ya ce bai manta ba, a bari a yi bikin buɗewa tukuna, bayan nan komai mai gyaruwa ne. Siririyar makarar kuwa har yau tana cikin ajanda.

Lokacin Gwaggo ta daina fita ko tsakar gida. Babu wanda ya gaya mata, har da ni. In na shiga sai ta ce, "Gada tana nan lafiya?" In ce, "Tana nan, Gwaggo." Ba ƙarya na yi ba, amma na san abin da na ɓoye, kuma duk fitowata daga ɗakin sai na ji na tsani kaina. Na riƙa roƙon Allah Ya kai ta rani, ƙorama ta ƙafe.

Aka sa ranar buɗewa, wata Asabar a cikin Oktoba. Tun Talata Haruna ya tare a garin, yana sa a yi fenti, a share hanya, a kafa rumfunan baƙi. Ranar Laraba aka shafa wa daɓen gadar wani mai mai ƙyalli, aka hana kowa takawa. Ranar Alhamis bayan sallar asuba Gwaggo Saude ta cika, da kalmar shahada a bakinta.

Mata suka yi mata wanka da sutura, aka sa ta a makara aka rufe, muka sallace ta a ƙofar masallaci. Da hantsi muka ɗauko ta, mun kai mu arba'in. Ina riƙe da hannun gaba na dama. Kowa ya san abin da ke gabanmu, amma muka yi ta tafiya kamar ginshiƙin zai ji kunya ya matsa. Muka isa, muka tsaya. Aka gwada ta hagu, makarar ta fi tsagin da kusan taƙi. Aka gwada ɗaga ta a tsallake da ita ta saman ginshiƙin, murfinta ya daki allon maraba har ya yi ƙara. Muka sauke ta a ƙasa a bakin gadar.

Wani ya ce a fito da ita daga makarar a shige da ita a hannu. Liman ya girgiza kai. "Mace ce," ya ce. "Ba za a fito da ita fili a gaban maza arba'in ana karkata ta kamar buhu ba. A fasa abin nan a wuce."

Dzarma ya zo jana'izar, yana tsaye can gefe da hularsa a hannu. Ashe ya san za a rina, ya taho da babbar guduma, ya jingine ta a jikin bishiya. Bugu goma zai wadatar. Duk muka juya muka dubi Haruna, domin shi ne ɗanta, maganarsa ake jira.

Bulama, mai garinmu, ya matso kusa da shi yana magana ƙasa ƙasa, amma na ji, ya fara da sannun Barebari. "Wushe, Sakatare, wushe da haƙuri. Jibi fa mutanen nan suke zuwa. In suka tarar da kango, maganar rijiyar nan..." Bai ƙarasa ba, ba ya ma buƙatar ƙarasawa.

Haruna ya dubi allon dutsen. Ya daɗe yana dubansa, na ga idonsa yana bin layukan. Sannan ya dubi ƙorama ya ce, "Ruwan ai ya ja baya. Bai fi gwiwa ba."

"A bakin nan ne gwiwa," na ce. "Tsakiya ƙirji ne. Haruna, ni ta sa shaida. A gabana ka rubuta."

"Inna yanzu addu'a take buƙata," ya ce. "Wanda ya riga mu gidan gaskiya ba ruwansa da jiƙa ko bushewa."

"To ka kauce, ni in fasa, ka ce wa baƙin naka mahaukacin ƙauye ne ya yi. Kai ba ɗa ba ne, akawu ne."

Ya juyo ya ce, a hankali, yadda kowa zai ji, "Faruku, yanzu ba lokacin wasan taubashi ba ne."

Wasu har suka gyaɗa kai. Shekara hamsin ina zaginsa ana dariya, ranar da na zage shi da gaske aka ɗauka cikin jerin ne. Amma kada in laɓe a bayan wannan. Gudumar taku uku ce daga inda nake tsaye, kuma babu wanda ya riƙe mini hannu. Na tuna 'ya'yana mata da jarkoki a ka suna ɗebo ruwan ƙorama mai laka, na tuna rijiyar, na tsaya. Duk mu arba'in ɗin nan abin da muka tuna ke nan. Liman ya jira, ya ga babu mai motsi, ya sunkuyar da kai ya ce a ɗauka, ba a barin gawa a rana. Ina jin kunyar wannan tsayuwar tawa har yau, kuma ba na jin za ta bar ni.

Muka naɗe wanduna muka gangara. Mutum takwas muka kama, mafiya tsawo, sauran suka biyo baya. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji. Muka ɗauke ta daga kafaɗa muka mayar ka, daga ka muka miƙe hannuwa sama. Babu wanda ya zame, mun yi iya ƙoƙarinmu. Amma akwai wani kwari a tsakiya wanda ruwan bana ya ƙara zurfafawa, mu na gaba mun fara haurawa na baya suna cikinsa, sai makarar ta jirkice ta baya. Taku huɗu ko biyar ne kawai. Na ji nauyin ya canza a hannuna, na san ruwa ya shiga.

A daidai nan na ji motsi a samanmu, na ɗaga ido. Haruna ne a kan gada. Ashe ya ce wa na kusa da shi bari ya riga mu ya ga ko an gama haƙa kabarin. Ya karkace ya shige ta tsagin, ya cire takalmansa ya riƙe a hannu don kada ya ɓata man daɓen, ya tattare farar rigarsa, yana takawa a hankali ta gefe gefe. Inuwar rumfa a kansa, uwarsa a ƙasa cikin ruwa. Kafin mu fita ya isa tudu har ya mayar da takalmansa.

A bakin kabari aka buɗe makarar. Daga kai zuwa cinya likkafanin fari ne tas. Daga gwiwa zuwa ƙasa ya jiƙe sharkaf, ya manne da ƙafafunta, da ɗan ganyen ruwa a maƙale a wajen ɗaurin. Na sa hannu na cire ganyen.

Liman ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, kowa yana ɗiga daga wuya har ƙasa. Sannan ya dubi Haruna ya ce, "Zo ka karɓe ta. Kai kaɗai ne busasshe a cikinmu, kada mu ƙara jiƙa ta."

Ya durƙusa ya rungume ta, ba ta da nauyi, ya kwantar da ita a gefenta na dama. Da ya miƙe, gaban rigarsa ya yi jirwaye da ruwan laka daga ƙirji har gwiwa. Aka fara jera itace, Liman yana addu'a, muna amsawa. Na waiwaya na ga Haruna ya ja da baya, ya kama gaban rigar yana dubawa, yana murza wurin da yatsa ko zai fita.